A Ceto Waƙoƙin Shata Da Ɗanƙwairo Tun Tef Bai Lalace Ba

A shekarar 1957 kamfanin Decca na Ingila ya fitar da wani faifan garmaho mai suna España. Wani mutumin Sifen, Ataúlfo Argenta, shi ya jagoranci makaɗan Landan da suka yi shi, kuma a ciki akwai kiɗa irin na Sifen wanda baƙi suka tsara, wato Rimsky-Korsakov na Rasha da Chabrier na Faransa. Argenta ya rasu a 1958, amma an yi ta sake buga faifan nan, ana goge sautinsa ana sayarwa. Dalili kuwa, an adana asalin tef ɗin da aka ɗauka.

To, ina labarin na Arewa? Tun 1962 gidan rediyon Kaduna yake ɗaukar makaɗan Hausa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Ɗan Arewa da ke neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, in kewar gida ta kama shi, sai ya je a tura masa waƙoƙinsu a waya. Abin da zai samu an kwafo shi daga kaset zuwa kaset har muryar ta dishe, babu shekarar ɗauka, babu sunan 'yan amshi, magada kuma ko kwabo ba sa gani.

Tef ba ya dawwama. Zafi da laima suna cinsa, na'urorin kunna shi kuma suna ta ƙarewa. Wanda ya lalace ya tafi ke nan, don maƙera ba sa ƙera murya.

Gidan rediyon Kaduna yana ƙarƙashin Rediyon Tarayya ne, wanda hedkwatarsa take Garki a Abuja. Saboda haka daga Garki ya kamata umarni ya fito. A tattara tsofaffin tef, a juye su cikin kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da shekara, sannan a buga su a sayar, a ba magada haƙƙinsu.

Sarakunan Hausawa na Kudu su ma suna da abin yi. Su rubuta wa Garki takarda, su kuma gargaɗi jama'arsu kada wanda ke da tsohon faifai a akwati ya yar da shi. Allah ya sa a ji.