Mu San Duniya: Wuni Ɗaya a Tsibirin Gore

Ina gaida ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci na Gangara, Tanut da Balbeji, da duk wanda ya zauna gefe yana saurare. A wannan wata za mu bar Damargu mu tafi bakin teku. Ba kuɗin mota, ba guzuri. Karatu ne raƙuminmu.

Mene ne tsibiri? Ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Kun san tudun da ke saura a tsakiyar tabki idan damina ta yi kyau? To, kamar haka. Sai dai ruwan teku na gishiri ne. Mutum ba ya sha, dabba ba ta sha, kuma ba ya ƙafewa da rani.

Tsibirin da za mu je sunansa Gore. Yana ƙasar Senegal, kusa da Dakar babban birninsu. Da safe ake shiga jirgin ruwa a tashar Dakar. Tafiyar kamar minti 20 ce.

Gore ƙarami ne. Tsawonsa kamar metir 900, faɗinsa kamar 300. Mazaunansa ba su kai 2,000 ba. Babu mota a ciki, kowa da ƙafa yake yawo. Da an sauka, masu jagora suna nan suna jira. Aikinsu su kewaya da baƙi, su nuna masu wurare, su ba su tarihi. A yi ciniki da jagora tun kafin a tashi, kamar yadda ake yi da ɗan rakiyar dabbobi ran kasuwa.

Jagora zai ce maku Turawan Fotugal sun iso nan a 1444. Bayansu mutanen Holan suka riƙe wurin. A 1677 Faransa ta ƙwace shi. Zai hau da ku kan tudu ku ga manyan bindigogin da aka bari suna tsatsa. Za ku ga tsohon masallaci a bakin ruwa.

Amma wurin da kowa ke zuwa dominsa shi ne Gidan Bayi. An gina shi wajen 1776. Sama ɗakunan masu gida ne, da iska mai daɗi. Ƙasa kuwa ƙananan ɗakuna ne masu duhu. Jagora zai nuna inda ake tsare maza, da inda ake tsare mata da yara. A ƙarshen wani lungu akwai ƙofa mai duban teku. Ana kiranta ƙofar tafiya ba dawowa. Nan baƙi ke yin shiru, wasu har da hawaye.

Wani dattijo, Bubakar Jozef Njay, shi ya kula da gidan tun 1962 har rasuwarsa a 2009. Bakinsa ne ya sa duniya ta san wurin. A 1978 hukumar UNESCO ta sa Gore cikin wuraren tarihi na duniya. Nelson Mandela ya zo a 1991, shugaban Amurka Obama ya zo a 2013.

Masana tarihi sun ce bayin da suka bi ta Gore ba su kai na manyan tashoshi irin Wida ta ƙasar Benin yawa ba. Amma gaba ɗaya, ƴan Afirka fiye da miliyan 12 aka ɗora a jiragen ruwa aka kai ƙasashen Amurka. Cikinsu har da Hausawa, waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Ayarin da ke bi ta Damargu tsakanin Kano da Agadas zuwa Tarabulus, ba fata da tufafi kaɗai ya ɗauka ba. Ya ɗauki mutane ma. Har yau akwai mai yi wa ɗan uwansa gorin asali a bakin rijiya, ko wajen neman aure, ko wajen rabon gona. Ku sani, tun 2003 dokar Nijar ta sa bautar da mutum cikin manyan laifuka. Hukuncinsa ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Wanda aka zalunta yana da hakkin kai ƙara gaban shari'a.

Kafin la'asar jagora zai tsaya da ku gaban wani tsohon gini. Nan makarantar horon malamai ta Wiliyam Ponti ta zauna tun daga 1913, kafin a mai da ita wani gari. Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokinmu kuma ya rubuta littattafai da yawa, nan ya yi karatu. Jori Hamani, shugaban Nijar na farko, shi ma ɗalibin wannan makaranta ne. Ku duba fa. Tsibiri ɗaya, wasu sun fita daga cikinsa da sarƙa, wasu sun fita da alƙalami. Yanzu ma akwai makarantar ƴan mata a Gore, mai sunan marubuciya Mariyama Ba.

Da yamma jirgi ya mai da ku Dakar. Wuni ya ƙare.

Ga aikinku na wannan wata. Mutanen Gore sun adana tarihinsu, har baƙi suna biyan kuɗi su ji shi. Mu fa? Da baƙo zai sauka Gangara gobe, wa zai yi masa jagora? Ku je wurin tsofaffi tun suna da rai. Ku tambaye su wa ya gina tsohuwar rijiya, ina ayari ke yada zango, wace shekara aka yi babbar yunwa. Ku rubuta ko da layi biyar ne, ku kawo wa malaminku. Wanda ya fi kyau za mu karanta shi gaban kowa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa.