Tseren ratsa daji na duniya: Darasin da ke cikin sakamakon Tallahassee ga Mainika da ƙauyukan Kano

A ranar 10 ga watan Janairun 2026 aka gudanar da gasar tseren ratsa daji ta duniya a birnin Tallahassee da ke jihar Florida ta Amurka, kuma sakamakon bai zo wa masu bibiyar wasan da mamaki ba.

A rukunin manyan maza, Jacob Kiplimo na Uganda ne ya zo na ɗaya, Berihu Aregawi na Habasha ya zo na biyu, sai Daniel Ebenyo na Kenya a mataki na uku. A rukunin mata kuwa, Agnes Ngetich ta Kenya ce ta lashe zinare da tazara mai yawa, Joy Cheptoyek ta Uganda na biye da ita, sannan Senayet Getachew ta Habasha.

Lambobin yabo shida ke nan, kuma ƙasashe uku suka raba su biyu-biyu. Najeriya, wadda ta fi kowacce daga cikinsu yawan jama'a, ba ta taɓa samun lambar yabo ko ɗaya ba tun da aka fara wannan gasa.

Mutum zai iya tambayar me ya haɗa wannan labari da Mainika, wata mazaɓa ta manoma a ƙaramar hukumar Gwarzo. Abin da ya haɗa su shi ne, kusan duk waɗanda suka hau dandamalin karɓar kyauta a Amurka daga irin wannan wuri suka fito: ƙauyukan noma masu hanyar burji, inda yaro ke taka sayyada zuwa makaranta da gona.

Wane irin tsere ne wannan?

Tseren ratsa daji ya bambanta da gudun fanfalaki da ake yi a kan kwalta, ya kuma bambanta da zagayen filin wasa. Ana yin sa ne a kan ciyawa da taɓo da yashi, da hawa da gangara. Manya, maza da mata, suna gudun kilomita 10. Samari 'yan ƙasa da shekara 20 suna yin kilomita 8, 'yan mata kuma kilomita 6.

An fara shi a matsayin gasa tsakanin ƙasashe a 1903 a garin Hamilton na Scotland. A 1973 hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta karɓi ragamarsa, aka yi na farko a Waregem ta Beljiyam. Tun daga 1973, sau biyar Afirka na karɓar baƙuncinsa: Rabat a 1975, Stellenbosch a 1996, Marrakesh a 1998, Mombasa a 2007, da Kampala a 2017.

Akwai wata ƙa'ida da ta sa wannan gasa ta zama ma'aunin ƙarfin ƙasa. Bayan kyautar mutum ɗaya, akwai ta tawaga. Kowace ƙasa kan saka 'yan tsere har shida, a ɗauki matsayin huɗun farko a tara, wadda jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta yi nasara. Ƙasar da gwarzo ɗaya tak take da shi ba za ta ci wannan kofi ba, sai wadda take da gwanaye da yawa har tana rasa wanda za ta bari a gida.

Da wannan ma'auni ne tawagar mazan Kenya ta lashe kofin sau 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003.

Sunaye iri ɗaya, shekara bayan shekara

Nasarar Kiplimo a Tallahassee ita ce ta uku a jere, bayan ta Bathurst a Australiya a 2023 da ta Belgrade a Sabiya a 2024. Duk sau ukun Aregawi ne ke zuwa na biyu a bayansa. Kafin shi, John Ngugi da Paul Tergat na Kenya da Kenenisa Bekele na Habasha ne suka taɓa jera irin wannan nasara.

A ɓangaren mata, Beatrice Chebet ta Kenya ce ta lashe na 2023 da na 2024. Watanni kaɗan bayan Belgrade, ta je gasar Olympics ta Paris ta ɗauke zinare biyu, a tseren mita 5,000 da na mita 10,000. A can Paris ɗin, Joshua Cheptegei na Uganda, zakaran ratsa daji na 2019, shi ya ci zinaren mita 10,000 na maza, Aregawi ya samu azurfa.

Wato dai daji ne makarantar da ake koyon abin da ake cin lambar Olympics da shi. Najeriya ta je Paris da 'yan wasa fiye da 80, ta dawo hannu rabbana.

Akwai kuma kuɗi a cikin harkar. Wanda ya zo na ɗaya a rukunin manya yana samun dala 30,000. A nan gida ma, gudun fanfalaki na Legas da aka fara a 2016 da tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo suna raba kyaututtukan daloli, kuma mafi yawan manyan kyaututtukan 'yan Kenya da Habasha ne ke tafiya da su. Najeriya ce ke shirya bikin, baƙi ke kwashe tukwicin.

Batun tsaunuka

Amsar da aka fi ba wa mai tambayar dalilin wannan fifiko ita ce tudu. Akwai gaskiya a ciki. Garin Iten na Kenya yana kan tudun da ya kai kimanin mita 2,400 sama da teku, Bekoji ta Habasha ta haura haka, Kiplimo kuma ya tashi ne a gefen tsaunin Elgon. A irin waɗannan wurare iskar shaƙa ba ta da kauri, don haka jiki kan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya wadatu. Idan mai irin wannan jini ya sauko ƙasa, yakan daɗe yana gudu bai gaji ba.

Kano ba ta kai mita 500 ba. Wannan gibi ne na zahiri, kuma babu amfanin ɓoye shi.

Sai dai tarihin gasar ya nuna tudu kaɗai ba ya bayyana komai. Carlos Lopes na Portugal ya lashe ta a 1976 da 1984 da 1985. John Treacy na Ireland ya ci a 1978 da 1979. Paula Radcliffe ta Birtaniya ta ci a 2001 da 2002. Babu ɗayansu da ya taso a kan tsauni irin na Iten.

Haka kuma Najeriya tana da nata tudun. Jos ta kai kimanin mita 1,200, tsaunin Mambilla a jihar Taraba ya zarce haka, kuma daga jihar Filato, musamman yankin Pankshin, mafi yawan masu dogon gudu na ƙasar nan ke fitowa. Yaron da aka gano a Gwarzo yana ɗan shekara 14, tafiyar yini ɗaya ce za ta kai shi Jos ya yi atisaye. Matsalar ita ce wa zai gano shi.

Tsanin da ake takawa

A Kenya yaro yana fara tsere ne a makarantar firamare. Wanda ya yi fice ya wakilci makarantarsa a gunduma, daga nan zuwa lardi, daga lardi zuwa gasar ƙasa, inda ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasar a duniya. Kowane mataki yana da rana, yana da mai riƙe agogo, yana da takardar sakamako.

Mutanen da suka gina wannan tsani, malaman makaranta ne. A Iten, wani malami ɗan Ireland mai suna Colm O'Connell ya je makarantar St Patrick's a 1976 don koyarwa, ya ƙare da horar da zakarun duniya, ciki har da David Rudisha. A Bekoji, malamin motsa jiki Sentayehu Eshetu ne ya fara horar da Derartu Tulu da Bekele da Tirunesh Dibaba tun suna yara. Bayan makaranta kuma, rundunar 'yan sanda da ta soja da hukumar gidajen yari ta Kenya suna ɗaukar 'yan tsere aiki, su ba su albashi su ci gaba da atisaye.

Misalin Uganda ya fi kusa da halin da Najeriya ke ciki, domin a baya-bayan nan ta shigo sahun gaba. Stephen Kiprotich ya ci zinaren fanfalaki a Olympics ta Landan a 2012. A 2017 aka kawo gasar ratsa daji Kampala, inda Kiplimo yana ɗan shekara 16 ya lashe rukunin matasa a gaban mutanen gida. A wannan rana ce Cheptegei ya jagoranci tseren manya har zagayen ƙarshe, ƙarfinsa ya ƙare, ya ƙarasa yana tangaɗi a mataki na 30. Bayan shekara biyu ya dawo ya ci zinare a Aarhus ta Denmark, tawagar mazan Uganda kuma ta ɗauki kofi.

Abin da Mainika take da shi

A duk wasannin da ake bayar da lambar yabo ta duniya, da wuya a sami mai arahar wannan. Ba ya buƙatar filin wasa, ko ƙwallo, ko raga, ko wutar lantarki. Abin da ake nema shi ne fili, da igiya ko toka ta shata hanya, da usur, da agogo, da ruwan sha, da littafin rubuta sunaye.

Fili kuwa yana nan a Gwarzo da Kabo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu an gama girbin gero da dawa da gyaɗa, gonaki sun zama sarari, safiya tana da sanyi. Wannan shi ne daidai lokacin da ƙasashen duniya ke kakar tseren ratsa daji. Burtali da fadama da yashin rafi da ake ratsawa kullum a yankin, su ne abubuwan da masu shirya gasar duniya ke kashe kuɗi su ƙirƙira a cikin filayensu.

Al'adar ma ba baƙuwa ba ce. Wanda ya san langa da kokawa da dambe da fitar farauta ya san ƙasar Hausa tana girmama juriya, tana kuma taruwa kallon gwaninta bayan kaka. Makarantu da dama suna yin wasannin gidaje na shekara-shekara, amma galibi abin kan tsaya a gajeren gudu da fareti, a raba kofi, a watse. Wanda ya zo na ɗaya ba ya da wani mataki na gaba da zai je.

Gwarzo tana da mazaɓu 10, Kabo ma 10. Idan kowace mazaɓa ta yi tsere ɗaya na makarantu a Disamba, ta tura yara shida maza da shida mata zuwa na ƙaramar hukuma a Janairu, za a samu yara 240 da aka san sunansu da lokacin da suka yi a ƙananan hukumomi biyu kacal. Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Gasar ƙarshe a birni za ta ba jihar tawagar da za ta kai Gasar Matasa ta Ƙasa da Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda ake yi tun 1973.

Inda gizo ke saƙar

Akwai cikas da ya kamata a faɗa tun da wuri. Na farko shi ne abinci. Dogon gudu yana cin jiki, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ke zuwa makaranta bai karya ba, ba za a ɗora masa kilomita takwas ba. Ƙurar hunturu ma tana cutar da masu asma, don haka dole a sami ma'aikacin lafiya a wurin kowane tsere.

Na biyu shi ne 'yan mata. Rabin lambobin yabon gasar duniya nasu ne. Iyaye da yawa a yankin ba za su amince 'yarsu ta yi gudu a bainar jama'a da irin kayan da ake gani a talabijin ba, kuma damuwarsu abin saurare ce. Hanyar da ta rage ita ce tseren mata zalla, a hannun malamai mata, da suturar da iyaye suka yarda da ita. Dokokin wasan ba su hana dogon wando ko hijabi ba.

Na uku shi ne maguɗi. Ita kanta Kenya tana fama da matsalar ƙwayoyin ƙara kuzari, an kuma dakatar da 'yan tserenta da dama. A Najeriya, rage shekaru ya daɗe yana lalata gasannin matasa. Idan ɗan shekara 20 ya shiga tseren 'yan 15 ya yi nasara, an rasa yaron da aka fito nema. Rajistar makaranta ce maganin wannan, muddin shugabannin makarantu suka tsaya a kan gaskiya.

Nauyin yana kan wa?

A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta soke ma'aikatar wasanni, ta mayar da aikin hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Ita da hukumar AFN ke da alhakin tsara gasar ƙasa da tura tawaga waje. Ƙarfin Najeriya a wannan fanni ya daɗe yana gajeren gudu da tsalle, daga zinaren Chioma Ajunwa a 1996 zuwa bajintar Tobi Amusan a 2022, kuma can hankali da kuɗi suka karkata.

Amma matakin farko na tsanin ba a Abuja yake ba. Yana hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da shugaban makaranta, da malamin motsa jiki, da dagacin da zai ba da izinin a ratsa gonakin da aka girbe. Kuɗin tsere ɗaya na mazaɓa bai kai abin da ake kashewa a gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin ɗan siyasa ba.

Babu wanda zai yi alƙawarin cewa Mainika za ta fitar da zakaran duniya. Abin da sakamakon Tallahassee ya tabbatar shi ne, ƙasashen da ke cin wannan gasa sun shafe shekaru suna auna gudun yaran ƙauyukansu, suna rubutawa, suna tura na gaba zuwa mataki na gaba. Kiplimo yana ɗan shekara 15 ya wakilci Uganda a Olympics ta Rio a 2016, saboda akwai wanda ya riƙe masa agogo tun yana ƙarami. Ko akwai irinsa a Gwarzo ko Kabo, ba za a sani ba sai ranar da aka shata layi a bayan gari aka busa usur.