Hybrid, Dizal ko Fetur: Wace Mota Ce Ta Dace da Mutumin Zuru?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 zuwa sama da ₦500, har ta haura ₦1,000 a 2024, hirar masu mota ta koma kan abu guda: wacce ce ba ta shan mai? Yayana ya so ya sayar da Corolla ɗinsa ya sayi Prius, don ya ji an ce ita ɗanɗana mai kawai take yi. Ni aikina rubuta manhaja ne, sai na ce ya bari mu zuba lissafin a kwamfuta tukuna.

Motar hybrid tana da inji biyu, na fetur da na lantarki. Duk lokacin da ka taka birki, ƙarfin da zai tafi a banza sai ya koma batir, kuma idan ka tsaya injin fetur yakan mutu da kansa. Shi ya sa ribarta ta fi fitowa a cunkoso irin na Kano ko Abuja. A Zuru ina cunkoson? Tafiyarmu mai cin mai ita ce zuwa Kontagora ko Birnin Kebbi, kuma a doguwar hanya injin fetur ne ke yawancin aikin, sai tazarar ta ragu.

Ga misalin da muka yi. A ce Corolla na shan lita 8 a kilomita 100, Prius na shan 5, kana tafiyar kilomita 1,000 a wata. Bambancin lita 30 ne. Idan lita ₦1,000 ce, ka adana ₦360,000 a shekara. Idan kuma sai ka cika miliyan biyu kafin ka sauya motar, sai ka yi shekara biyar da rabi kafin kuɗinka su dawo. Yawancin 'yan Kwatanon da ke zuwa mana sun haura shekara goma, batirinsu ya fara gajiya. Zafi na rage masa kwana, ƙurar hunturu kuma na toshe fankar da ke sanyaya shi. Ranar da ya mutu, ribar shekaru ce za ta tafi a lokaci ɗaya, kuma da wuya ka samu bakanikensa a kusa. Ga ta kuma da ƙasa-ƙasa, ramukan hanyarmu ba za su bar cikinta ba.

Dizal fa? Litarsa ta fi ta fetur ƙarfi, injinsa ya fi tattali, kuma wajen jan kaya babu kamarsa. Mai ɗauko dawa da masara daga ƙauyuka, Hilux mai dizal ce abokiyar tafiyarsa. Amma dizal yakan fi fetur tsada a gidan mai, kuma sabbin injinansa ba sa jure gurɓataccen mai. Jarka ɗaya ta bumburutu mai ruwa na iya lalata famfo da nozul, gyaran kuma ba na wasa ba ne.

Ra'ayina shi ne, ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke zaune a Zuru ya riƙe ƙaramar motarsa ta fetur. Kowane gareji ya san ta, kayan gyaranta na kasuwa. Ya dinga duba iskar taya, ya canza fulogi da matatar iska a kan lokaci, ya rage gudu, zai ga canji a aljihunsa.

Wanda kuma ya nace sai hybrid, kada ya biya kuɗi sai ya jona na'urar OBD2, ya duba lafiyar batirin da manhajar Dr. Prius a wayarsa. Yayana dai ya fasa, ya sa wa Corolla sabbin tayoyi.