Sanarwa Ba Ta Zama Ta'aziyya



Maƙalar wannan mako za ta sosa wa wasu rai, musamman mu 'yan shiyyar Daura, domin za ta taɓo namu. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganarmu guda ce: idan soja ya mutu a bakin aiki, akwai bashin ta'aziyya a wuyan shugaban da ya tura shi, kuma sanarwar manema labarai ba ta biyan wannan bashi. Abin da ke biyansa shi ne wasiƙa mai ɗauke da sunan mamacin, wadda za ta isa hannun mahaifiyarsa ko matarsa. Mu kuma masu riƙe da alƙalami muna da hannu dumu-dumu a yadda ta'aziyya ta koma talla.

Mu fara da abin da kowa ya shaida. Ranar 18 ga Nuwamban 2018 'yan ta'adda suka afka wa sansanin Bataliya ta 157 a Metele, arewacin Borno, suka kashe kwamandanta, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, da sojoji masu yawa. A wannan rana ce aka ƙaddamar da yaƙin neman zaɓen Shugaba Muhammadu Buhari karo na biyu a Abuja. Sai ranar 24 ga wata, bayan kwana shida, fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwar jimami. Daga baya rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, 31 suka ji rauni, alhali wasu jaridu na cewa mamatan sun haura 100. A cikin waɗannan kwanaki shida, iyaye mata nawa ne suka kwana suna kiran lambar da ba ta shiga? Da abin da 'yan ta'addan suka yaɗa a intanet wasu suka riƙa laluben labarin 'ya'yansu.

Ranar 21 ga Mayun 2021 kuma jirgin sama ya faɗi a Kaduna da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum 10. Washegari aka binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja. Shugaban ƙasa yana cikin garin, amma bai halarta ba, Ministan Tsaro Bashir Magashi ne ya wakilce shi. Idan babban hafsa bai samu takun shugaba ba, me ƙaramin soja ɗan Shargalle ko ɗan Sandamu zai sa rai da shi?

Mun ga yadda muhawara ta kasance a lokutan nan biyu, mun kuma ga yadda ta tashi a tutar babu. Masoya suka ce Baba soja ne, ya yi yaƙin basasa, ya fi kowa sanin zafin rashin soja, shirunsa ma jimami ne. Suka ƙara da cewa ai ya je Maiduguri ranar 28 ga Nuwamba ya duba waɗanda suka ji rauni, kuma haka ne, ya je. 'Yan adawa kuma suka ɗauki gawawwakin suka mai da su allon kamfe, saboda zaɓen 2019 ya matso. To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓangarorin biyu shugaba suke kallo, wannan na wanke shi, wancan na shafa masa baƙin fenti. Babu wanda ya waiwayi matar da ta shiga takaba ya tambayi abin da ya iso ƙofar ɗakinta daga gwamnati, da ranar da ya iso.

Mun san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: Baba ya rasu, an binne shi a Daura ranar 15 ga Yulin 2025, ba a tona asirin mamaci. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, mu ma ya yafe mana. Ba zaginsa muke yi ba. Kujerar da ya zauna tana nan, wani na kanta, gobe wani zai hau. Idan muka rufe baki a kan abin da namu ya gaza yi, da wane bakin za mu tuhumi na wasu? Kuma mu tuna abin da muka gani da idonmu: da ya rasu, shugaban ƙasa da gwamnoni da sarakuna da ƙafarsu suka zo Daura, aka yi kwanaki ana karɓar gaisuwa. Ba wanda ya ce sanarwa ta wadatar. Ashe manyanmu sun san yadda ake ta'aziyya, sai dai suna zaɓar wanda za su yi wa.

Mu leƙa waje mu ga a kan me wasu ƙasashe suke faɗa da shugabanninsu. A watan Nuwamban 2009 Firaministan Birtaniya Gordon Brown ya shiga tsaka mai wuya saboda wasiƙar da ya rubuta da hannunsa zuwa ga mahaifiyar wani matashin soja da aka kashe a Afganistan. Uwar ta ce ya ɓata rubutun sunan gidansu, ga kuma wasu kurakurai. Jaridar The Sun ta baza wasiƙar, ƙasa ta ɗauka. Brown, wanda ido ɗaya ne yake gani da shi tun yana saurayi, ya kira matar a waya ya ba ta haƙuri. Mutane da yawa suka tausaya masa, musamman da jaridar da kanta ta ɓata sunan a shafinta, ita ma sai da ta nemi afuwa. A Amurka kuma, a watan Disamban 2004, aka gano cewa na'ura ce ke buga sa hannun Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld a wasiƙun ta'aziyyar sojojin da suka mutu. Surutu ya yi yawa har ya yi alƙawarin daga ranar shi zai riƙa sa hannu da kansa.

Na uku ya faru a maƙwabtanmu. Ranar 4 ga Oktoban 2017 aka yi wa ayarin sojoji kwanton ɓauna a Tongo Tongo, yammacin Nijar, aka kashe Amurkawa huɗu tare da sojojin Nijar. Shugaba Donald Trump ya yi kwana 12 bai ce uffan a bainar jama'a ba. Da ya kira matar Saje La David Johnson, ta ce kalamansa sun ƙara mata kuka, kuma ta ji yana laluben sunan mijinta. Shi ya musanta. Aka yi makonni ana ce-ce-ku-ce. Duniya ta haddace sunayen Amurkawan nan huɗu da hotunansu. A cikinmu wa zai iya kawo sunan sojan Nijar ko guda ɗaya da ya faɗi a wurin, alhali ƙasarsu ce, kuma 'yan uwanmu ne?

Ku duba bambancin. Can ana rigima a kan harafi guda a cikin suna, da wanda ya riƙe biro, da lafazin da aka yi a waya. Nan kuwa rigimarmu ba ta wuce ko mutum nawa suka mutu ba. Ba muna cewa Turawa sun fi mu tausayi ba ne, yaƙe-yaƙen da suka tura yaran nan ma abin tuhuma ne. Abin da suka fi mu shi ne sun saba wa shugabanninsu da cewa kowane soja mutum ne mai suna, kuma za a tambaye su a kansa.

Wani zai ce, wasiƙa tana dawo da mamaci ne? A biya magada haƙƙinsu kawai. Mun yarda haƙƙi shi ne gaba, kuma jinkirin biyansa zalunci ne. Amma wa ya ce sai an zaɓi ɗaya? Shugaban da ya zauna ya sa hannu a wasiƙa talatin a mako guda, yana karanta suna da shekaru da garin kowane yaro, ba zai kwana daidai da wanda aka miƙa wa taƙaitaccen rahoto mai lamba ba. Wasiƙar tana sanyaya zuciyar uwa, tana kuma hana shugaba barci, kuma wannan rashin barcin muna buƙatarsa. Suna yana hana ɓoye adadi. Da an saba fitar da sunaye bayan an sanar da iyalai, da gardamar 23 ko 100 ba ta taso ba. A tsarinmu kuwa, takardar ta'aziyyar da rundunar mamaci ke bayarwa tana cikin takardun da magaji ke haɗawa wajen neman haƙƙi. Wato abin da ya kamata a adana a ƙasan adaka ya zama abin da ake kai wa mai hoton takardu a cusa a fayil.

Wannan ba baƙuwar al'ada muke son shigo da ita ba. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. A Dutsi ko Mashi ko Mani, in aka yi rasuwa, wanda ya aiko da saƙo alhali yana gari lafiyarsa ƙalau, sai an daɗe ana faɗa. Ana zuwa, a zauna a tabarma, a ambaci mamaci, a faɗi alherinsa, a shiga cikin gida a gaida mata. A tarihin Musulunci ma, da aka yi yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya sanar da shahadar Zaidu da Ja'afar da Abdullahi ɗan Rawaha da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya tafi gidan Ja'afar da kansa ya rungumi 'ya'yansa, ya ce a yi wa iyalan abinci. To a ina muka koyo ta'aziyyar da ake yi wa kyamara?

Adalci ya sa mu faɗi cewa an taɓa yin abin da ya dace. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta ranar 14 ga Maris 2024, an fitar da sunayensu da hotunansu, Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izarsu a Abuja ranar 27 ga wata, ya ba su lambobin girma, ya yi alƙawarin gidaje da karatun 'ya'yansu. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. Tambayarmu ita ce, me ya sa sai mutuwar da ta cika jaridu? Wanda ya faɗi shi kaɗai a dajin Rugu ko a bakin Tafkin Chadi, jininsa ruwa ne? Abin da ake yi wa wasu a bar wasu, alfarma ce. Mu ƙa'ida muke nema, wadda ba ta duba muƙami ko yawan surutun da aka yi.

Yanzu mu dawo kanmu, domin nan ne gizo ke saƙar. Su wa ke rubuta waɗannan sanarwoyi? Mu ne. Yawancin masu taimaka wa 'yan siyasa kan yaɗa labarai daga irin wannan zaure suka fito, wasu da diflomarsu ta aikin jarida. Mun san samfurin: mai girma ya kaɗu matuƙa, ya yi tir da kakkausar murya, ya sha alwashin ba za su mutu a banza ba. A canza kwanan wata da sunan gari, a manna hoton mai gida yana murmushi cikin babbar riga, hoton ya cinye rabin shafi, sunan mamaci ko sau ɗaya bai fito ba. Sai mu bi da yabo a ƙasa. Marubucin da zai ɓata dare yana zaɓar sunan jarumar littafinsa, ya kasa ɓata minti goma ya binciko sunan yaron da ya mutu yana gadin garinsu? Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tantabaru, mu ɗauki hoto mu yaɗa. Tantabara ba ta san hanyar gidan marayu ba.

Ga abin da muke kira gare shi, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Duk wanda aka sa ya rubuta ta'aziyyar soja, ko ɗan sanda, ko ɗaya daga cikin askarawan tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta kafa a 2023, ya nemi cikakken suna, ya tabbatar da rubutunsa harafi bayan harafi, da sunan mahaifi da gari da muƙami. Ya nemi abu guda na gaskiya game da mamacin daga bakin wanda ya san shi, ko da cewa shi ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta ne. Ya rubuta da harshen da uwar ke ji. Wasiƙar Turanci ga tsohuwar da sai an nemo ɗan maƙwabta ya fassara mata, rabin ta'aziyya ce. A yi ta da Hausa, in da hali har da ajami. Kada a yi alƙawarin da ba za a cika ba. Mai gida ya karanta, ya sa hannu da kansa, a kai gida kafin a kai Facebook. In ya ce ba shi da lokaci, a gaya masa cikin ladabi cewa ya samu lokacin ɗaurin aure uku a makon nan.

Mu kuma sauran, mu daina rige-rigen sa hoton gawa ko sunan soja kafin iyalansa su ji. Wanda ya fara yaɗawa ba kyauta za a ba shi ba, alhaki zai ɗauka. Kuma duk ranar da wani shugaba, namu ko na wasu, daga shugaban ƙaramar hukuma har na ƙasa, ya fitar da sanarwar jimami, mu yi masa tambaya biyu a rubuce: su wane ne, kuma me ya isa gidajensu?

Wanda ke ganin mun yi kuskure, fili a buɗe yake, ya kawo hujja ba zagi ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu suna tsaron mu, ya raya abin da suka bari, ya sa alƙalumanmu su zame mana hujja ranar gobe.