A San Abin Da Ke Ƙasan Teku Kafin A Yanke Masa Hukunci

Sharhinmu na yau ya shafi wurin da hasken rana bai taɓa sauka ba, wato can ƙasan teku mai zurfi, inda ƙasashen duniya ke shirin rabon dukiyar da har yanzu ba su gama sanin ta ba.

A Tekun Fasifik, tsakanin tsibiran Hawayi da gaɓar ƙasar Mekziko, akwai wani makeken fili a ƙarƙashin ruwa da ake kira Clarion-Clipperton. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 4 da rabi, ya ninka Najeriya kusan sau 5, zurfinsa kuwa daga mita 4,000 ne zuwa sama da 5,000. Laka ce shimfiɗe, a kanta ga baƙaƙen duwatsu birjik masu girman dankali, ɗauke da manganis da nikel da kobal da jan ƙarfe. Su ne ƙarafan da kamfanoni ke nema ruwa a jallo domin batirin mota mai lantarki da na wayar hannu. Kowane dutse sai ya shekara miliyan guda kafin kaurinsa ya ƙaru da 'yan milimitoci.

An daɗe ana zaton wurin fayau yake, ba kowa ba komai. A shekarar 2023, masana a gidan adana tarihin halittu na birnin Landan, ƙarƙashin jagorancin Muriel Rabone, suka tattara bayanan da jiragen bincike suka kwaso daga yankin tsawon shekaru. Suka ƙirga nau'in halittu 5,578, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ko suna ba a raɗa musu ba a littattafan kimiyya.

Ga misali guda da zai nuna yadda rayuwa ta sarƙe a irin waɗannan wurare. A 2016, kyamarar wani jirgin nutso marar matuƙi ta hango wata farar halitta mai hannaye takwas a zurfin sama da mita 4,000 kusa da Hawayi. Bincike ya nuna irinta tana manna ƙwayayenta a jikin karan mataccen soson teku, ta naɗe su da jikinta tana gadi. Shi kuma soson a kan irin baƙin dutsen nan na ma'adinai yake kafa gindi, domin a filin laka babu wani abu mai tauri da zai kama. Duk wanda ya kwashe dutsen ya tafi da soso, ya kuma tafi da wurin ƙyanƙyasa.

Idan aka yi ɓarna a can, gyara ba ya zuwa da wuri. A 1989 masana daga Jamus sun ja garma a ƙasan teku daura da ƙasar Peru, a kan fili mai murabba'in kilomita 11, don su ga abin da haƙa zai haifar. Da aka koma a 2015, bayan shekara 26, sawun garmar yana nan raɗau, halittun da ke manne wa duwatsu kuma ba su farfaɗo ba.

Wannan ne ya sa zana taswira ya zama aikin farko. Aikin hawa biyu ne. Da fari jirgi yakan aika sauti zuwa ƙasa ya saurari amsa-kuwwa, da haka ake gane tudu da kwari da tsaunukan da ruwa ya rufe. Lokacin da gidauniyar Nippon ta Japan da abokan aikinta suka ƙaddamar da shirin Seabed 2030 a shekarar 2017, kashi 6 cikin 100 na ƙasan teku kaɗai aka auna da kyau. Zuwa 2025 an haura kashi 27. Hawa na biyu ya fi wuya, shi ne sanin wa ke zaune a ina. Ana saukar da akwatin ƙarfe ya yanko laka, a tura kyamara ta bi ƙasa a hankali, a ɗebi ruwa a tace ƙwayoyin gadon da halittu suka zubar a ciki. Sannan a haɗa wannan da zurfi da sanyin ruwa da yawan abincin da ke gangarowa daga sama, kwamfuta ta yi hasashen inda kowace halitta za ta iya zama. Sai da irin wannan taswira mai tsara kariya zai iya cewa nan a killace, can a yi hattara.

Hukumar kula da ƙasan teku ta duniya, mai mazauni a birnin Kingston na Jamaika, ta ba da kwangilar binciken ma'adinai guda 17 a yankin Clarion-Clipperton. Ta kuma keɓe wurare 9 a 2012 da ba za a haƙa ba, ta ƙara 4 a 2021. Wannan abin a yaba ne. Sai dai yawancin samfurin da ke hannun masana daga filayen masu kwangila aka ɗebo shi, wuraren da aka keɓe kuwa kaɗan aka leƙa. Ke nan ba wanda zai bugi ƙirji ya ce halittun da za a rasa a wurin haƙa suna da 'yan uwa a wurin da aka killace. Kariya irin wannan cinikin biri a sama ce.

Akwai kuma batun su wa ke yin duban. Wani bincike da aka wallafa a 2025 ya nuna abin da idon ɗan Adam ya taɓa gani na ƙasan teku mai zurfi bai wuce kashi 0.001 cikin 100 ba, kuma kashi 97 na nutson da aka yi ƙasashe 5 ne suka yi shi: Amurka da Japan da Niyu Zilan da Faransa da Jamus. Ruwayen Afirka an bar su a baya, alhali ba su rasa abin mamaki ba. A 2012 jirgin binciken ƙasar Norwe mai suna Dr Fridtjof Nansen ya gano tsaunin murjani na ruwan sanyi a gaɓar Gana, a zurfin mita 400, tsawonsa mita 1,400, tsayinsa mita 70. Ya shafe dubban shekaru a wurin, ragar masunta ko bututun mai na iya ragargaza shi ba tare da kowa ya sani ba. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Mai sauraro a Kano ko Damagaram na iya cewa ina ruwansa da teku. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa gado ne na ɗaukacin bil'adama, har da ƙasashen da ba su da gaɓa irin su Nijar da Chadi. Najeriya kuwa ta samu amincewar ƙarin murabba'in kilomita kusan 16,300 na ƙasan teku, amanar da sai an san abin da ke cikinta za a iya riƙe ta. Yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku da aka amince da ita a 2023, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2026, ta buɗe ƙofar kafa wuraren kariya a ruwayen da ba na kowa ba. A teburin da za a shata waɗannan iyakoki, mai bayanai a hannu shi za a saurara.

Saboda haka muna kira da a dakatar da ba da izinin haƙar kasuwanci har sai an binciki wuraren da aka keɓe kamar yadda aka binciki wuraren haƙa. Bayanan da kamfanoni suka tara a buɗe su ga kowane mai bincike. Gwamnatocinmu na Afirka ta Yamma kuma su ware kuɗi don jiragen bincike, su horar da matasanmu ilimin halittun teku, su nema musu gurbi a kowane jirgin da zai yi aiki a ruwanmu. Wakilanmu su je zaman Kingston da masana a gefensu, su tsaya kai da fata a kan cewa taswira ta riga injin haƙa sauka.