Ɗigon Haske a Kan Bindiga Ba Ya Nuna Fuskar Mai Zuwa

Tun da tsaro ya taɓarɓare a kudancin Katsina, hirar makamai ta shiga zaurukan da a da ba a san su da ita ba. Likita ɗan Funtua da ke aiki a Abuja, da lauya ɗan Malumfashi da ke Kaduna, da injiniya ɗan Gozaki da ke Legas, kowannensu yana da iyaye da gona a gida, kowannensu kuma ya san yadda gaba ke faɗuwa idan waya ta yi ƙara da tsakar dare. A cikin irin wannan hira ake jin wata tambaya da ta ƙetaro teku daga bidiyoyin Amurkawa masu sha'awar bindiga: idan mutum zai mallaki ƙaramar bindiga don kare kai, ya dace ya ƙara kuɗi a sa mata saiti mai haske a duhu?

Amsata a'a ce. A ƙasar Gozaki da kewayenta wannan kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne tambayar kanta, domin tana nuna inda hankalin masu iliminmu ya fara karkata: ana ga doki, muna ga ƙura.

Abin da ɗigon yake yi

Kafin a soki abu, adalci ne a fayyace shi. A saman kowace ƙaramar bindiga akwai ɗan tsini a gaba, kusa da baki, da ɗan tsagi a baya. Mai harbi yakan daidaita tsinin a tsakiyar tsagin, sannan ya ɗora su a kan abin da yake hari. Da rana wannan ba wuya. Idan duhu ya yi, baƙin ƙarfe yakan ɓace a cikin baƙin dare, mutum ya rasa inda bakin bindigarsa ya dosa.

Maganin da aka ƙirƙiro iri biyu ne. Na farko fenti ne mai shan haske ya riƙa mayar da shi, irin na hannun wasu agogo. Sai an haska shi yake ci, kuma yana dusashewa tun dare bai yi nisa ba. Na biyu ƙananan kwalabe ne na gilashi, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, cike da iskar tiritiyam, wato wani nau'i na haidirojin mai fitar da raɗiyeshan mara ƙarfi. Abin da iskar ke fitarwa yana bugun wani sinadari da aka shafe cikin kwalbar da shi, sai ya yi haske, galibi kore, ba batir ba caji. Kamfanin Trijicon na jihar Michigan a Amurka yana cikin waɗanda suka yi suna da wannan sana'a tun shekarun 1980. Rabin ƙarfin tiritiyam yakan tafi a cikin shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka hasken yana da wa'adi, sai a sake.

Na'urar tana aiki, ba na musun haka. Ɗan sanda ko soja da ke tsaye a inuwa, abokin gabarsa yana wurin da haske ya ɗan taɓa, kuma ya riga ya tabbatar ko wane ne, zai amfana da ita. Amma a lura da sharuɗɗan: duhun ya kai ya ɓoye ƙarfen bindiga, bai kuwa kai ya ɓoye mutum ba. Wannan ɗan tsakani ne ƙunci, kamar na bayan magariba ko gab da fitowar rana. Da zarar duhu ya wuce nan, ɗigon yana nuna maka bindigarka ne kaɗai. Ba ya jefa haske ko na taku ɗaya a gabanka.

Doka tukuna

Yawancin masu wannan hira suna tsallake wani shinge kamar babu shi. Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da danginta masu ɗuri ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta mai harsashin ƙwaya, Sufeto Janar ne. Ƙaramar bindiga kuwa, ko mai juyi ko mai kwanso, tana cikin rukunin haramtattun makamai tare da mashinga da gurneti, kuma babu mai iya halatta wa mutum ita sai Shugaban Ƙasa. Hukuncin wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin shekara 10 ne ko fiye.

Ba-Amurken da ke bidiyo a kan saiti mai haske yana magana ne daga ƙasar da kundin tsarin mulkinta ya ba shi haƙƙin riƙe makami, yana da filin koyon harbi a unguwarsu, yana ƙona ɗaruruwan harsasai a wata. Ma'aikacin banki ɗan Bakori da ya kwaikwaye shi zai sayi bindigar ne a ɓoye, daga hannun dillalan da ke sayar wa ɓarayin daji, ba zai sami inda zai koyi harbi a fili ba, kuma ranar da aka tsayar da shi a shingen hanyar Funtua zuwa Zariya shi ne zai zama mai laifi. Kuɗinsa ya ƙarfafa kasuwar da ke kashe danginsa, sannan ya ɗauko wa kansa gidan yari.

Daren da muke magana a kansa

A ajiye doka a gefe, a dubi daren kansa. Gozaki tsohon gari ne a ƙaramar hukumar Kafur, a tsakiyar Katsina Laka, ƙasar masara da dawa da auduga. Daga Agusta zuwa kaka, masara da dawa sukan fi mutum tsawo, su kewaye ƙauyuka har bakin katanga. Wutar lantarki a mafi yawan unguwanni labari ce. Maharan da ke addabar wannan yanki, daga Faskari da Sabuwa da Ɗandume zuwa Ƙanƙara da Malumfashi, ba ɓarawo ɗaya ba ne da ya hauro da wuƙa. Sukan zo a kan babura masu yawa, biyu-biyu ko uku-uku, ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kaiwa mita 300 da saiti. Ƙaramar bindiga a hannun gwani ba ta wuce mita 50, a hannun ɗan koyo mai rawar jiki kuwa ko faɗin tsakar gida sai an yi sa'a. Daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, wane ɗigon haske ne zai sauya abin da ya faru?

To a ce ba hari ba ne irin wannan, motsi ne aka ji a bayan rumbu da ƙarfe biyun dare. A nan ne ɗigon ke zama haɗari. Idon ɗan Adam yana buƙatar kusan rabin sa'a kafin ya saba da duhu, ko ya saba kuma inuwa yake gani, ba ya rarrabe fuska. Mai gida ya ɗaga bindiga, ya ga ɗigo uku kore sun jeru sarai, zuciyarsa ta ce masa ya shirya. Abin da ya gani kayan aikinsa ne. Wanda ke bayan rumbun yana iya zama ɓarawo, yana iya zama ƙaninsa da ya dawo daga kallon ƙwallo, ko almajirin maƙwabta, ko matarsa da ta fito kewayawa. Gidan Bahaushe ba gidan mutum ɗaya ba ne. Gida ne na mutum ashirin, talatin, da sassa da ƙofofi da masu shige da fice. Hausawa sun ce dare rigar mugu, amma rigar nan kowa ta rufe, mugu da na kirki.

Saiti daidai, sani babu

Babban bala'in makami a hannun mai tsoro shi ne ya sami wanda bai kamata ba, kuma misalai ba su yi mana nisa ba. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja mara matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. Na'urar ba ta yi kuskuren saiti ba, ta sami inda aka nufa daidai. Waɗanda ke riƙe da ita ne ba su san su wa suke kallo ba. A ƙarshen Maris 2025 'yan sintiri da mutanen gari a Uromi ta jihar Edo suka kashe mafarauta 16 da ke hanyarsu ta komawa Kano yin salla, saboda an ga bindigogin toka a motarsu an yanke cewa masu garkuwa ne. A Afirka ta Kudu, daren 14 ga Fabrairu 2013, ɗan tsere Oscar Pistorius ya harba harsashi huɗu ta ƙofar banɗaki a gidansa na Pretoria, ya kashe budurwarsa Reeva Steenkamp. Ya ce ya zaci ɓarawo ne, kotu kuma daga ƙarshe ta same shi da laifin kisan kai.

Mu ma a nan mun ga yadda wannan cuta ke cin al'umma. Duk wanda ya bi tarihin rikicin Zamfara da Katsina ya san rawar da kisan kan-mai-uwa-da-wabi ya taka: a kashe Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba a kasuwa ko a hanya, danginsa su shiga daji, ramuwa ta haifi ramuwa. Harsashin da aka harba ba tare da an tantance ba jifa ne a kasuwa.

Dokar ƙasa da ta addini sun haɗu a kan wannan. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda da kare rai da dukiya, amma da ƙarfi gwargwadon larura. Malaman Malikiyya da suka yi bayanin tunkuɗe mai kawo hari sun gindaya a fara yi masa gargaɗi idan hali ya yi, sannan a bi da mafi sauƙin abin da zai kore shi. Duka biyun sun ginu ne a kan cewa ka san akwai mahari, ka kuma san shi ne wannan. Wanda ya harbi inuwa bai cika sharaɗin ko ɗaya ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Za a ce mini: malam, kana zaune cikin aminci kana wa'azi, ai gwamnati ce da bakinta ta ce mu kare kanmu. Gaskiya ne. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutanen Katsina su nemi makamai su tsare kansu, a Yunin 2022 kuma gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga. Ba na raina tsoron da ya sa mutane suka karɓi wannan kira, kuma ba na cewa manomi ya miƙa wuya a yanka. Amma gwamnan da ya ce ka sayi bindiga ya faɗa maka ne cewa ya gaza, kuma ba shi da ikon halatta maka abin da dokar tarayya ta haramta. Kiran ya sauke nauyi daga wuyan hukuma ya ɗora a kan talaka, mu kuma masu ilimi, maimakon mu mayar da nauyin inda ya fito, sai muka shiga muhawarar irin saitin da ya fi kyau.

Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi ta isa darasi. Mutanen garin jarumai ne. Sun yi wa 'yan bindiga kwanton ɓauna sun yi musu ɓarna. Ranar 19 ga Agusta 2025 maharan suka dawo da asuba, suka buɗe wuta a kan masu salla a masallaci, suka ƙona gidaje. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar Malumfashi ya ce waɗanda aka kashe sun kai 50, gwamnatin jiha kuma ta ce harin ramuwa ne. Ba ƙarfin hali ne ya yi wa mutanen nan ƙaranci ba, ba kuma iya saiti ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai hango maharan tun suna nesa, da hanyar da labari zai isa cikin minti, da jami'an da za su zauna a garin bayan artabun farko, alhali kowa ya san ramuwa na tafe.

Inda kuɗin ya kamata ya tafi

Saitin tiritiyam na kirki yakan kai dala ɗari ko kusa da haka, ban da bindigar da harsashi. Wanda ke da wannan kuɗi kuma yake son iyayensa su yi barci, ga abin da ya fi: fitilun sola a mashigan gari da bakin masallaci, masu haska waje su bar masu gadi a inuwa, tocila mai ƙarfi, wadda ita kaɗai ke amsa tambayar ko wane ne, ƙofar ƙarfe da sakata, rediyon oba-oba ga masu sintiri, tunda mun gani a 2021 yadda aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua da Malumfashi, da sare dogon amfani daga jikin katanga a shuka gyaɗa ko wake a wurin. Ko karen da ke haushi ya fi ɗigon nan amfani, domin shi yana sanar da kai tun mai zuwa bai iso ba.

Sama da duka akwai aikin da likita da lauya da injiniya suka fi manomi iyawa. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar da matasa kusan 1,500. Ko tana da nakasu, hanya ce mai rajista da horo da wanda za a tuhuma idan an yi ba daidai ba. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu su matsa a san mutum nawa aka tura kowace gunduma, ana biyansu a kan kari ko ba a biya, minti nawa ɗauki ke ɗauka kafin ya iso daga Malumfashi ko Funtua, kuma wa aka hukunta a kan kisan wanda bai yi laifi ba. Lauya ya rubuta takarda, ɗan jarida ya bibiya, akanta ya duba kasafin tsaro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma bindiga ɗaya a ƙarƙashin matashin kai ba ta tsare gari.

Wanda ya nace sai ya tanadi wani abu mai haske don dare, ya sayi wanda zai nuna masa fuskar mai zuwa kafin yatsansa ya kai ga kunama.