Azare: Ɗakin tiyata ba ya aiki sai da likitan sa barci

Tun da gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare a 2021, hankalin jama'ar masarautar Katagum ya karkata ga gine-gine, na'urori da guraben karatu. Sai dai ƙarfin asibitin tarayya na garin, wanda aka fi sani da FMC, ya rataya ne a wuyan wani ma'aikaci da ba kasafai ake ambatonsa ba, wato likitan sa barci.

Aikinsa ya wuce yin allura. Kafin tiyata, shi ke tantance ko zuciya da huhun mara lafiya za su jure. Shi ke zaɓar ko a sa mutum barci gaba ɗaya, ko a yi masa allurar ƙashin baya, irin wadda ake yi wa masu haihuwa ta tiyata. Ana cikin aiki, idonsa na kan numfashi, bugun zuciya da hawan jini, kuma shi ke farfaɗo da mara lafiyar. Idan aka kawo mai doguwar naƙuda daga Gamawa ko Shira, ko wanda ya yi hatsari a hanyar Potiskum, likitan fiɗa ba zai taɓa wuƙa ba sai mai sa barci ya iso.

Samar da irin wannan ƙwararre na cin fiye da shekara 12: shida a jami'a, ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta hidimar ƙasa, sannan kimanin biyar na horon ƙwarewa. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya, WFSA, ta ba da shawarar a samu aƙalla biyar ga kowane mutum 100,000. Ƙididdigar da ta fitar a 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai ko ɗaya ba. Shi ya sa a asibitoci da dama na Arewa ma'aikatan jinya masu horo na musamman ke riƙe da aikin. Ƙalilan ɗin da suka ƙware kuwa, Ingila da Saudiyya na zawarcinsu, waɗanda suka zauna gida kuma sun fi son Abuja, Legas ko Kano.

A watan Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate, ɗan Misau mai maƙwabtaka da Katagum, ya gabatar. Manufar ta yi alkawarin ƙarin tagomashi ga masu aiki a wuraren da ke fama da ƙarancin ma'aikata.

Cika alkawarin na hannun ofisoshin Abuja. Asibitin tarayya ba ya ɗaukar ma'aikata sai da sahalewa daga Abuja. Sabon likita kan jira kafin sunansa ya shiga tsarin albashi na IPPIS. Jinkirin kuɗin horon ƙwarewa kuwa yana cikin ƙorafe-ƙorafen da ƙungiyar NARD ke tafiya yajin aiki a kansu. Duk takardar da ta kwana a kan tebur, tana iya zama tiyatar da aka ɗage a Azare.

Jami'a za ta yaye likitoci, amma sai da manyan ƙwararru a ƙasa za a samu izinin horar da masu sa barci a Azare. Don haka, idan an zo kare kasafin kuɗi, tambayar da ta kamaci asibitin ita ce: ƙwararru nawa ya ɗauka, nawa kuma suka zauna?